Abin Da Ke Raba Yaran Karkarar Kambodiya Da Makaranta Tun Kafin Su Gama

A Kambodiya, ƙasar da ke kudu maso gabashin Asiya, kusan kowane yaro yana shiga aji ɗaya. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce a 1997 kashi 82 cikin 100 na yaran da suka isa shiga firamare ne ke makaranta, zuwa zangon karatu na 2017/2018 kuwa adadin ya haura kashi 97. Ga ƙasar da ta fito daga yaƙi da kisan kiyashi, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma asusun nan dai shi ne ya ce kafin su cika shekara 17, kashi 55 cikin 100 na matasan ƙasar sun riga sun bar makaranta. Ana shiga da yawa, ana zubewa a hanya, kuma masu zubewar galibi 'ya'yan manoma ne da masunta da mazauna tsaunuka, domin mafi yawan mutanen ƙasar, su wajen miliyan 17, a karkara suke zaune.

Duk wanda aka tambaya dalili zai ce talauci, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai akwai abin da wannan amsa ba ta warware ba. Gidan da ya cire yaro daga makaranta yana ɗan shekara 14, shi ne dai gidan da ya kai shi aji ɗaya yana ɗan shekara 7, kuma a wancan lokacin ma ba su da shi. To me ya canza a tsakani? Kuɗin da makaranta ke ci ya ƙaru, yaron ya yi ƙarfin da za a ɗauke shi aiki a biya shi, amfanin karatun kuma bai fito fili yadda uba zai gan shi da idonsa ba. A ganina a nan zancen yake. Iyayen karkarar Kambodiya lissafi suke yi, kuma sau da yawa, idan aka dubi irin makarantar da aka ba su, lissafin nasu bai kauce ba.

Kafin a yi wa makarantun ƙasar hukunci ya kamata a san daga inda suka taso. A da, a gidajen ibadar addinin Buddha yara maza ke koyon karatu a hannun malaman addini, 'yan mata kuwa ba su da rabo a ciki. Faransa ta riƙe ƙasar daga 1863 zuwa 1953 ba tare da ta damu da yawaita makarantu ba. Bayan 'yancin kai jagoran ƙasar na lokacin, Norodom Sihanouk, ya gina su da dama, amma yaƙin basasar da ya ɓarke a 1970 ya lalata da yawa daga ciki. Ranar 17 ga Afrilun 1975 dakarun 'yan kwaminisanci na Khmer Rouge, ƙarƙashin jagoransu Pol Pot, suka shiga Phnom Penh, babban birnin ƙasar. Suka kora mutanen birane zuwa gonaki, suka rufe makarantu, mai ilimi ya zama abin zargi. Gidan yarin Tuol Sleng, inda aka azabtar da dubban mutane kafin a kai su a kashe, asalinsa makarantar sakandare ce. Cikin ƙasa da shekara huɗu aƙalla mutum miliyan 1.7 suka mutu ta hanyar kisa da yunwa da cuta da aikin bauta, mafi yawan malaman makaranta kuma ko dai sun mutu ko sun tsere daga ƙasar. Da sojojin Biyetnam suka kifar da gwamnatin a Janairun 1979, aka sake buɗe makarantu da duk wanda aka samu ya iya karatu. Taken wancan lokaci shi ne wanda ya sani da yawa ya koya wa wanda ya sani kaɗan, wanda ya sani kaɗan ya koya wa wanda bai san komai ba. A wasu sassan arewa maso yamma irin su Pailin da Anlong Veng ba a ajiye makamai ba sai tsakanin 1996 da 1998, kuma har yau ana tono nakiyoyi a gonakin yankin.

Wannan tarihi yana nan a cikin gidaje. Yarinyar da ke da shekara 8 a 1975 yanzu kaka ce da ke neman shekara 60, ita ce kuma ke riƙon jikoki a ƙauye yayin da iyayensu suka tafi neman kuɗi. Shekarun da ya kamata ta yi a aji ta yi su ne tana haƙar magudanar ruwa. Tana son jikanta ya yi karatu, amma ba za ta iya buɗe littafinsa ta gane ko yana fahimta ko ba ya fahimta ba.

A takarda dokar ƙasar tana da kyau. Kundin tsarin mulkin 1993 ya ce karatu a makarantun gwamnati kyauta ne, kuma kowane ɗan ƙasa ya sami aƙalla shekara 9 na karatu. Tsarin shi ne shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. Da aka soke kuɗin rajista a farkon shekarun 2000, yara suka kwararo makarantu, abin da ya nuna cewa ɗan kuɗin nan ne dama ya tare su a gida. Shekarun shiga aji ɗaya 6 ne, amma a ƙauyuka da yawa yaro kan kai 7 ko 8 kafin a kai shi. Wani lokaci nisan hanya ne, uwa ba za ta saki ɗan ƙaramin yaro ya bi gefen fadamar shinkafa shi kaɗai ba. Wani lokaci kuma jikin yaron ne bai nuna shekarunsa ba. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2014 kashi 32 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a binciken 2021 zuwa 2022 ya sauko kashi 22. Yaron da ya tsumbure ana yi masa kallon ƙarami, a ce a bari sai baɗi, kuma tsumburewar ba ta tsaya a tsayi kaɗai ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Yanzu a yi lissafin shekarun. Yaro ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 8, ya maimaita aji sau ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙananan azuzuwa. Zai gama firamare yana da shekara 15, daidai shekarun da dokar ƙwadago ta ƙasar ta yarda a ɗauke shi cikakken aiki. Wanda ya shiga a kan kari yana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a wannan lokaci, ya kusa karɓar takarda, barin makaranta zai yi masa ciwo. Shi kuwa wanda ya makara, sauran shekara uku a gabansa, kuma yana zaune a aji da ƙannensa. Wannan jinkirin na shekara ɗaya ko biyu tun daga tushe yana cikin abubuwan da suka fi yi wa yaran karkara illa, amma ba kasafai ake kawo shi ba idan ana zancen masu barin makaranta.

Sai abin da ake samu a cikin ajin kansa, wanda ni shi ne ya fi damuna. Yawancin makarantun firamare na gwamnati rabin yini ake yi, wajen awa huɗu, 'yan safe su tashi 'yan rana su shigo, sau da yawa kuma malami ɗaya ne ke koyar da duka biyun. A cire ranakun bukukuwa, irin su sabuwar shekarar Khmer a tsakiyar Afrilu da yara kan daɗe ba su dawo ba bayanta, a cire ranakun ambaliya da ranakun da malami bai zo ba, abin da ya rage kaɗan ne. Rubutun Khmer kuwa, wato babban harshen ƙasar, yana son lokaci. Yana da baƙaƙe 33 da alamomin wasali fiye da 20, kusan kowane baƙi yana da wata siffa ta daban da ake rubutawa a ƙarƙashin wani, sautin wasali yana canzawa gwargwadon baƙin da ya hau, kuma ba a barin fili tsakanin kalma da kalma. Yaron da bai kama wannan a aji ɗaya da biyu ba, duk sauran darussa a rufe suke gare shi. UNICEF ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan aji uku ba sa iya rubuta ko kalma ɗaya a gwajin shifta. A gwajin da aka yi wa 'yan aji biyar na ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 2019, kashi 11 cikin 100 kacal na yaran Kambodiya suka kai matakin karatun da ake sa ran mai gama firamare ya kai, alhali a maƙwabciyarta Biyetnam kashi 82 ne. A jarrabawar PISA ta 2022, wadda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ke shirya wa 'yan shekara 15, Kambodiya ce ta zo ƙarshe cikin ƙasashe da yankuna 81. A tuna fa, waɗanda suka jure suka kai sakandare ne aka gwada, waɗanda suka zube ba sa cikin lissafi.

Uba manomi bai san sunan waɗannan gwaje-gwaje ba, amma yana iya miƙa wa ɗansa ɗan aji biyar takardar rance ko kwalin maganin ƙwari ya ce karanta mini. Idan yaron ya tsaya yana lalube, uban ya sami amsarsa.

Karatun da aka ce kyauta ne kuma yana da kuɗinsa. Akwai kayan makaranta, littattafan rubutu, kuɗin takardun da malami ke bugawa ya sayar, da ɗan abin da yaro zai ci. Babban abin shi ne lesin, wanda can ake kira rien kuo, kuma galibi malamin ajin ne da kansa ke yin sa a cikin ajin nan bayan an tashi, ga waɗanda suka biya. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa a wurare da yawa a darasin gwamnati ake karanto ƙa'ida a gurguje, misalai da aikin gwaji da abin da zai fito a jarrabawa kuma sai a lesin. Kuɗin rana ɗaya ba shi da yawa, amma a gidan da ke da yara uku ko huɗu yana taruwa, kuma yana hauhawa da zarar an shiga sakandare inda kowane fanni ke da malaminsa. Ban ga adalci a ɗora wa malamai laifin su kaɗai ba. A farkon shekarun 2010 albashin malamin firamare bai kai dala 100 a wata ba, abin da ba zai riƙe iyali ba. An ƙara shi sosai tun daga lokacin, ya haura dala 300, karɓar kuɗi kullum daga hannun yara kuma ya ragu a wurare da dama. Amma lesin ya riga ya zama jikin tsarin, musamman ga masu shirin jarrabawar aji 9 da aji 12.

Jarrabawar aji 12 ɗin ma tana da labarinta. A 2013 wajen kashi 87 cikin 100 suka ci. A 2014 ministan ilimi Hang Chuon Naron, wanda ya hau kujerar shekarar da ta gabata, ya toshe hanyoyin satar amsa da sayen tambayoyi, sai adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 26. Mataki ne mai kyau da ya dawo wa takardar da martabarta. Amma ya kuma nuna wa iyayen ƙauye cewa yaro zai iya shafe shekara 12 yana zuwa makaranta ya fito hannu rabbana idan babu kuɗin lesin.

Inda aka fi zubewa shi ne tsallakawa daga aji 6 zuwa aji 7 da shekarun da ke biye. Ƙasar tana da makarantun firamare na gwamnati fiye da 7,000, amma na sakandare, ƙanana da manya a haɗe, ba su kai 2,000 ba. Firamare tana cikin ƙauye ko kusa da shi. Ƙaramar sakandare tana hedikwatar gunduma, babba kuma wani lokaci sai garin hakimi. Tafiyar da ake yi da ƙafa ta koma ta keke, wani wurin ma sai babur da kuɗin mai, a kan hanyar jar ƙasa da ke komawa taɓo daga watan Mayu zuwa Oktoba. Wanda gidansu ya yi nisa sosai sai ya nemi ɗakin haya ko ya zauna wurin dangi, domin ɗakunan kwanan ɗalibai ba su wadata ba. Ga 'ya mace akwai ƙarin fargabar hanya, da matsalar makarantar da ba ta da banɗaki mai ruwa a lokacin da ta fara al'ada.

A daidai wannan gaɓa da makaranta ke ƙara nisa da tsada, kasuwar aiki ke matsowa kusa. Masana'antun ɗinka tufafi da takalma da jakunkuna suna ɗauke da ma'aikata fiye da 700,000, mafi yawansu mata 'yan ƙauye, a Phnom Penh da lardunan Kandal da Kampong Speu da Svay Rieng. Mafi ƙarancin albashin wata a wannan fanni dala 61 ne a 2012, ya kai dala 200 a 2023, ya zama 208 a 2025. Wannan nasara ce da ma'aikata suka samu da yajin aiki, har da asarar rayuka a Janairun 2014. Sai dai kowane ƙari yana kuma ƙara wa zaman aji tsada ga gidan talaka, domin abin da ake hasara idan yarinya ta zauna a makaranta ya ƙaru. Kullum da asuba motocin ɗaukar kaya na bi ta ƙauyuka suna kwasar ma'aikata a tsaitsaye, yarinya 'yar aji 8 tana gani, tana kuma ganin wayar da yayarta ta saya da rufin kwanon da ta yi wa gidansu. An sha samun waɗanda shekarunsu ba su kai ba suna aron katin shaidar yayyensu don a ɗauke su.

Samari kuwa gini ne ke jan su, ko maƙwabciyar ƙasar, Tailan. Shekaru da yawa 'yan Kambodiya fiye da miliyan ɗaya sun yi ta aiki a can, a gine-gine da gonakin rake da 'ya'yan itatuwa da jiragen kamun kifi, yawancinsu daga lardunan yamma irin su Banteay Meanchey da Battambang. Wannan ƙaura tana cutar karatu ta fuska biyu. Idan iyaye suka tafi da yara, karatun ya katse, in an dawo sai a maimaita aji ko a haƙura. Idan suka bar su wurin kaka, kuɗi na zuwa amma babu mai bibiya, babbar 'ya kuma ta zama uwar ƙannenta.

Akwai wani abu da ya sa Kambodiya ta bambanta da ƙasashe da yawa masu irin matsalarta, wato bashi. Bankunan ba da ƙananan rance sun mamaye ƙauyukan ƙasar fiye da kusan ko'ina a duniya, kuma rancen ya daɗe da daina zama ƙarami. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, LICADHO, tare da wata takwararta sun fitar da rahoton da ya nuna mutum fiye da miliyan 2 ne ke ɗauke da irin wannan bashi, matsakaicinsa ya haura dala 3,000, wanda ya fi abin da ɗan ƙasar ke samu a shekara. Abin da ake jinginarwa kuma takardar gona ce ko ta gida. Biyan kowane wata ne, banki bai san fari ko ambaliya ko faɗuwar farashin rogo ba. Idan wata ya zo ƙarshe babu kuɗi, zaɓin da ke gaban magidanci shi ne ya sayar da gona, ya ciyo wani bashin wurin mai ba da kuɗi da ruwa, ya rage abinci, ko ya tura yaro aiki. Rahoton ya kawo gidajen da suka cire yara daga makaranta saboda haka. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi. Ƙarshen wannan hanya shi ne wuraren gasa jan bulo da ke kewaye da Phnom Penh, inda binciken jami'ar Royal Holloway ta Landan a 2018 ya tarar da iyalan manoman da mai wurin ya biya musu bashinsu, su kuma suka tare a can da 'ya'yansu suna aiki don biyan sa, bashin da wani lokaci ɗa ke gada daga uba.

Wani abin lura shi ne yanzu ba 'yan mata ne kaɗai a baya ba. Shekaru ashirin da suka wuce su ne aka fi cirewa. A yau alƙaluman ma'aikatar ilimi na nuna 'yan mata sun fi maza gama ƙaramar sakandare, sun kuma fi su cin jarrabawar aji 12. Yaran maza ne ke fara sulalewa. Shirye-shiryen agaji da yawa har yanzu an gina su ne a kan tsohon hoton.

Wasu yankunan suna da nasu ƙarin nauyin. Tafkin Tonle Sap kan kumbura ya ninka girmansa sau huɗu ko biyar da damina, lokacin da ruwan kogin Mekong ke turo kogin Tonle Sap ya juya baya. Dubban iyalai na zaune a gidaje masu yawo a kan ruwa ko masu dogayen ƙafafu a wurare irin su Kampong Luong da Chong Kneas. Yaro sai da kwale-kwale zai je makaranta, kwale-kwalen kuma ɗaya ne a gidan, shi uba ke fita kamun kifi da shi. Cikin mazauna tafkin akwai 'yan asalin Biyetnam da kakanninsu ma a nan aka haife su, amma ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa shiga makarantar gwamnati kan gagare shi, ba shi kuma da wata ƙasar da zai ce tasa ce.

A tsaunukan arewa maso gabas, lardunan Ratanakiri da Mondulkiri, matsalar harshe ce. Mutanen Tampuan da Kreung da Brao da Kavet da Bunong da Jarai kowanne da harshensa. Yaro ya zo aji ɗaya bai iya Khmer ba, malamin da aka turo daga kudu bai iya harshen yaron ba, kuma tun ranar da ya iso yake neman a mai da shi gida. A 2002 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara makarantu a Ratanakiri inda ake horar da 'yan ƙauyen su zama malamai, a fara koyarwa da harshen uwa, a riƙa ƙara Khmer a hankali cikin shekara uku har a koma gare shi gaba ɗaya a aji huɗu. Gwamnati ta karɓi tsarin ta mai da shi shirin ƙasa daga 2015, abin da ƙasashe kaɗan ne a yankin suka yi, kuma ya cancanci yabo. Amma bai kai ga kowane harshe da kowane ƙauye ba. A waɗannan larduna ne kuma auren wuri ya fi yawa. A faɗin ƙasar kusan mace ɗaya cikin biyar ke aure kafin shekara 18, a tsaunukan kuwa abin ya zarce haka sosai. Ga gonakin kashu da roba da rogo da ke kwashe yara lokacin girbi.

Masu cewa iyayen ƙauye ba su san darajar ilimi ba, ya kamata su dubi gidajen marayu. Wani ƙidaya da gwamnati ta yi tare da UNICEF, wanda aka fitar a 2017, ya tarar da yara fiye da 16,000 a irin waɗannan gidaje sama da 400, kuma bincike ya nuna wajen uku cikin huɗu na yaran da ke zaune a gidajen marayun ƙasar suna da uwa ko uba a raye. Babban dalilin da iyayen ke bayarwa shi ne a can yaro zai sami makaranta da Turanci da abinci. Haka kuma har yau iyaye na kai yara maza gidajen ibada a birane su zauna suna yi wa malaman addini hidima don su sami wurin kwana kusa da sakandare. Wanda ya yarda ya rabu da ɗansa saboda karatu, ba wayar da kai yake buƙata ba.

Akwai ma gwajin da ya tabbatar da haka da alƙaluma. A farkon shekarun 2000 an fara wani shirin tallafi da kuɗin Japan, ana ba iyalan 'yan matan da suka shiga aji 7 dala 45 a shekara da sharaɗin su ci gaba da zuwa. Masana tattalin arziki biyu na Bankin Duniya, Deon Filmer da Norbert Schady, sun bi diddigin abin, suka tarar zuwan 'yan matan makaranta ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100. Dala 45 a shekara, ƙasa da dala 4 a wata. Ashe gidaje da yawa a bakin gaɓa suke, ɗan abu kaɗan ke karkatar da su ko nan ko can. Amma masanan nan sun kuma bi wani shirin makamancinsa da ya biyo baya, suka tarar cewa yaran da tallafin ya riƙe a makaranta sun ƙara zama a aji, amma sakamakonsu a gwajin lissafi da harshe bai fi na waɗanda ba su sami tallafin ba. Wannan sakamako na biyu ya fi na farko muhimmanci a wurina. Riƙe yaro a aji yana da arha, sa shi ya koyi wani abu a ajin ne ke da wuya, kuma yaron da ya iso aji 7 bai iya karatu sosai ba, ƙarin shekara ɗaya ko biyu ba za su gyara abin da ya ɓaci tun aji biyu ba.

Annobar korona ta zo ta ƙara dagula lamarin. An rufe makarantu a Maris na 2020, aka buɗe aka sake rufewa, ba a dawo gaba ɗaya ba sai Nuwamban 2021. Darussan talabijin da na waya sun fi amfanar 'yan birni. Gwajin da ma'aikatar ilimi ta yi wa 'yan aji 6 a ƙarshen 2021 ya nuna waɗanda suka kasa kai matakin farko a harshen Khmer sun tashi daga kashi 34 a 2016 zuwa kashi 45, a lissafi kuma daga kashi 49 zuwa 74. A Yulin 2025 kuma faɗan kan iyaka da Tailan ya sa aka rufe makarantu a lardunan Preah Vihear da Oddar Meanchey, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka dawo gida, kuɗin da suke aikowa ya tsaya alhali bashin banki yana nan.

Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Akwai tsarin tantance gidaje matalauta da ake kira IDPoor, wanda ta hanyarsa ake raba tallafi. Akwai tallafin karatu na wajen dala 60 a shekara ga ɗaliban da aka zaɓa. Ciyarwa a makarantu da Hukumar Abinci ta Duniya ta fara a 1999 yanzu gwamnati na karɓar ta a hankali. An ɓullo da sabon tsarin koyar da karatu a ƙananan azuzuwa, an kuma buɗe kwalejojin horar da malamai na shekara huɗu a Phnom Penh da Battambang. Cikin waɗannan duka, gyaran aji ɗaya zuwa uku da ciyarwa su ne nake ganin sun taɓa tushen matsalar, domin su ne ke sa yaro ya shigo a kan kari kuma ya fita da karatu a bakinsa. Tallafin dala 60 a shekara yana taimakon ɗan aji 7, amma ga 'yar shekara 16 da masana'anta ke yi wa tayin dala 200 a wata, ba zai yi nauyi a sikeli ba sai idan takardar da take nema za ta kai ta ga aikin da ya fi ɗinki.

Duk wannan kuɗi yake so, kuma abin da ƙasar ke kashewa a ilimi yakan tsaya tsakanin kashi 2 da 3 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, ƙasa da kashi 4 zuwa 6 da hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ke ba da shawara. Ma'aikatar ilimi ta riga ta nuna ta san yadda makaranta mai kyau take. Tun wajen 2016 take gudanar da wasu makarantun gwamnati na musamman tare da wata ƙungiya mai zaman kanta ta bunƙasa ilimi, KAPE, inda ake wuni ana karatu, akwai ɗakin karatu da na gwaje-gwajen kimiyya, ana ƙara wa malamai kuɗi, an kuma hana su yin lesin da ɗalibansu. Iyaye na rububin kai 'ya'yansu. Sai dai makarantun 'yan kaɗan ne, kuma galibinsu a Phnom Penh da manyan garuruwa suke, nesa da ƙauyukan Tonle Sap da Ratanakiri da Banteay Meanchey inda ake zubewar.